Ranar da Na Auna Jinin Kawu

Tun ina aji biyu a makarantar likitanci mutanen unguwarmu a Haɗejiya suka daina kiran sunana, sai Likita. Babu wanda ya san na faɗi jarrabawar aji huɗu, ko cewa kowace safiya kafin zagayen marasa lafiya sai na shiga banɗaki na yi amai. Gabana faɗuwa yake ba dalili, tafin hannuna kullum a jiƙe. Wani malaminmu ya taɓa cewa wanda ba zai iya shanye abin da ke ransa ba, ya koma gida ya kama noma. Sai na koyi shanyewa.

Da damina na zo hutu. Kwana uku da zuwana, kawuna, yayan Inna, ya iso daga wajen garin Baturiya. Masunci ne, shi ya koya mini iyo. Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale aka fito da shi, sannan aka ɗora shi a babur. Ƙafafunsa sun kumbura, in ya yi magana sai ya tsaya neman numfashi.

"Sun ce asibiti, na ƙi," in ji shi. "Ina da likita a gida, me zan je nema?"

Inna ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Na ɗaura masa abin awon jini, na sa abin sauraro a kunne. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na sake matsawa, na sake. Allurar agogon awon tana sauka ina kallonta.

"Yaya dai, ɗana?"

"Da sauƙi, Kawu. Ɗan hawa jinin ya yi kaɗan."

Na san abin da kumburin nan yake nufi, mun karanta. Abin faɗa ɗaya ne, a tafi asibiti yanzu. Amma in na faɗa, ni za a ce in raka shi, likitoci su yi mini tambaya a gaban Inna, bakina ya mutu. Na ce ya rage gishiri, ya dawo bayan mako biyu. Ya sa mini albarka, ya bar mini bandar tarwaɗa.

Kwana tara aka aiko ya rasu. A zaman makoki ana ta cewa ai har Likita ya duba shi, kwana ne ya ƙare. Inna ma haka ta ce, tana ba ni haƙuri.

Na koma makaranta na maimaita ajin. Akwai ofishin da aka ce ɗalibi ya je in damuwa ta yi masa yawa. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofar, in hango 'yan ajinmu, in wuce kamar wani wuri na nufa. Na gama dai, ina aiki yanzu, aman ya ragu. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ban faɗa mata gaskiyar awon nan ba, ban kuma ga ranar da zan faɗa ba.