Waiwayen Alhaji a Fim ɗin Indiya

Shekarun baya ne, ba da nisa can ba, amma jinjirin da aka haifa a lokacin yanzu da ƙafarsa yake tafiya makaranta. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta muku, sai ku karɓe shi yadda ya fito daga bakina.

Ɗana na fari, wanda har yau ba na kama sunansa, yana aikin kago, wato jigilar kaya, a Dubai. Da matarsa ta haihu sai ya aiko mana da biza, ni na zo wankan jego, mahaifinsa ya zo ganin jika. Alhaji mutum ne da ba ya son hoto. In aka ɗaga waya za a ɗauke shi sai ya kare fuska da hannun riga. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, na fasfo, shi ma ya ɗaure fuska kamar wanda aka yi wa laifi. Rauninsa guda ne a duniya, fim ɗin Indiya. Tun yana saurayi mai gyaran keken ɗinki a Kano yake bin silima, har ya tsufa in ya ji kiɗansu sai ka ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin riga.

Wata safiya ɗan namu ya kai mu Port Saeed mu ga inda yake aiki, bakin ruwan nan da jiragen katako suke lodin firij da tayoyi da buhunan shinkafa. Muka tarar an ja igiya an tare hanya, ga Indiyawa birjik, ga na'urori a kan ƙarafa. Wata mata mai riƙe da takarda ta zo ta ƙare wa babbar rigar Alhaji kallo, ta dubi mayafina, ta yi wa yaron Turanci. Ya juyo yana dariya.

"Baba, fim suke ɗauka, irin na faɗa da harbe-harbe. Wai suna so ku wuce ta ciki kai da Hajiya, kamar fatake sun zo duba kaya."

Ban taɓa ganin fuskar Alhaji ta yi haske irin na ranar ba. Ya gyara hula ya ce, "Hajiya, taho mu je."

Na ce, "Ni da jikokina? A ce a unguwa an gan ni a fim?"

"Tafiya ce kawai fa. Yadda muka saba, ina gaba kina baya."

"Ka je abinka."

Ya ɗaga igiya ya shiga shi kaɗai.

Abin da aka tsara shi ne jarumin zai taho a guje, mutanen bos na bin sa da bindigogi, ya tsallake kwalaye ya faɗi ƙasa, ya tashi ya ci gaba. Alhaji kuwa ya wuce ta gefe kamar bai gani ba. Aka ce a fara. Jarumi ya taho, ya faɗi daidai ƙafar Alhaji. Sai tsohon nan ya sunkuya ya kama hannunsa yana kakkaɓe masa ƙura. "Sannu yaro, sannu. Ba ka ji ciwo ba ko?"

Darakta ya dafe kai. Aka sake, ya sake ɗaga shi. A na uku ya daure bai taɓa shi ba, amma sannun ta kuɓuce masa da ƙarfi har ni da nake bayan igiya na ji.

Ɗana ya je ya ce, "Baba, faɗuwar nan ta ƙarya ce."

"Na sani. Tun ba a haife ka ba nake kallonsu. Amma ƙasar ai ba ta ƙarya ba ce. Mutum ya faɗi a gabanka ka wuce kamar ba a gida aka raine ka ba?"

Da aka fassara wa jarumin, ya yi dariya ya haɗa hannuwa ya rusuna masa. Darakta dai bai yi dariya ba. Ya mayar da Alhaji can baya kusa da buhuna, ya ce ya goya hannuwansa a baya kada ya sake su. Aka ɗauka, aka ce kalas, an gama.

A mota ya ce min, "Kin ƙi bina. To in ya fito ni zan kai ki silima da kaina."

Na ce, "Ban shiga ina budurwa ba, da furfura zan shiga?"

Mun koma gida bai cika wata biyar ba Allah Ya karɓi abinSa. Da na fita takaba yaron ya dawo da ni wajensu. A nan na gane wani abu da ba wanda ya taɓa gaya min game da rashi. Fuskarsa tana nan a fasfo, amma tafiyarsa ta fara ɓace min. Sai in zauna a kan sallaya ina neman yadda yake jefa ƙafa, in rasa.

Ana nan sai hoton jarumin nan ya cika gari, a jikin dogayen gine-gine, a jikin motocin haya, fuskarsa da jini yana riƙe da bindiga. Surukata ta nuna min tallan fim ɗin a waya. Na ga bakin ruwan, na ga jiragen, na ga faɗuwar. Na sa ta maimaita har wayar ta yi zafi. Babu Alhaji.

Ɗana ya ce, "Hajiya, kada ki sa rai. Abin da suka yini suna ɗauka sai su yanke shi ya koma ƙiftawar ido. Balle Baba da ya ɓata musu aiki har sau uku."

Na ce, "Ka yanko min tikiti."

"Silima fa, Hajiya."

"Na ji. Yalla, mu je."

Bayan azahar muka shiga, ni da surukata. Ɗaki ne mai duhu da sanyi kamar cikin randa, cike da Indiyawa ma'aikata da suka zo hutu daga unguwar Al Quoz, jarumi na fitowa suka ɗau fito da tafi. Ni ko kalma ɗaya ba na ji. Motoci na ƙonewa, mutane na faɗowa daga bene. In aka yi harbi sai in runtse ido, sai kuma in tuna a cikin runtsewar nan zai iya wucewa, in buɗe dole, carbi a hannuna. Can sai aka kunna fitila, mutane suka miƙe. Na ɗauka an gama, na ja mayafi na rufe fuska na fara kuka. Surukata ta dafa ni ta ce, "Hajiya, hutun rabi ne, gugguru za su saya." Na share hawaye na gyara zama kamar ba ni ba.

Da aka dawo ba a jima ba sai ga bakin ruwa. Jarumi ya taho a guje. Can bayansa, kusa da buhuna, ga farar riga. Hannuwa a goye a baya, kafaɗar hagu ta ɗan karkata, yana jefa ƙafar dama waje. Tafiyar da na rasa ke nan, ta dawo min gaba ɗaya. Jarumin ya faɗi, na ga kafaɗun Alhaji sun zabura, ya danne. Sai ya waiwayo. Waiwayen da yake yi ne in za mu tsallaka titi, ya ga ko ina biye. Ranar da aka ɗauka ma ya yi shi, na gani, kunya ta sa na kawar da kai.

Wannan karon ban kawar ba. Na ce a hankali, "Ga ni nan, Alhaji." Kafin in rufe baki an koma kan masu bindiga.

Ɗana ya ce masu sharhi sun kushe fim ɗin, wai labarin ba shi da kan gado, ƙara ce kawai. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne, ni ban san labarin ba har yau. Na dai koma sau huɗu kafin a cire shi, har yarinyar da ke karɓar tikiti ta fara ce min Mama. Yanzu surukata ta yanko min wajen a waya, amma a nan bai fi ƙwayar shinkafa ba. A silima kuwa ya kai tsawonsa na gaske.

Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, da ita na raini nawa. Amma ban san akwai ranar da za ta tsaya tsakanina da mijina a kan taku biyar ba. Mutanen unguwar da na ji wa tsoro, ko ɗaya bai kalli fim ɗin ba.

Duk sanda na kunna, ba shi nake fara dubawa ba yanzu. Bayansa nake kallo, inda ya kamata a ga wata tsohuwa da mayafi tana biye. Buhuna ne kawai a wurin. Shi kuma har gobe yana waiwayowa.