Tatsuniyar da Kaka Ta Yi Don Baba Ya Ji

A gidanmu na Gada Biyu sanyi ne ke tara mu wuri guda. Duk wanda ya tashi a Jos ya san yadda yake shiga ƙashi da zarar rana ta faɗa bayan duwatsu. Ana idar da sallar magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, za ta jawo kaskon gawayinta tsakiyar falo, ta zauna a kan 'yar kujerar tsuguno, ta yafa tsohon bargo. Ni da ƙanwata Jummai mu manne mata, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan akwai hali takan tura dankalin turawa cikin toka. Idan za ta fara tatsuniya sai ta yi gyaran murya ta ce, "To, ga baƙuwa ta yi sallama."

Mu kuwa mu ce, "A shigo da ita, Kaka."

Tatsuniyoyinta da yawa sun gudu daga kaina, amma akwai guda da har yau ban manta da ita ba.

Ina aji biyar na firamare a shekarar. Baba tela ne, yana da ƙaramin shago a bakin titi, kuma a kan kekensa ya yanke jiki ya faɗi wata ranar Talata. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi aka shimfiɗa masa a ƙuryar ɗaki, labule kawai ya raba shi da inda muke zama. Wata bakwai yana kwance. Hannun da ke riƙe almakashi ya koma kamar ba nasa ba, maganarsa ta yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane. Umma ta fara suyar ƙosai da safe a ƙofar gida, amma ƙosai bai iya ɗaukar abinci da magani a tare.

A unguwarmu akwai wani asusun taimako da masu shaguna da direbobi suka kafa, Musulmi da Kirista. Duk wata sukan ba mutanen da doguwar jinya ta hana su neman abinci wani abu na cefane da magani. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai mara lafiyan ya amince da bakinsa, don an taɓa samun dangin da suka riƙa karɓa mai ciwon bai sani ba. Mutum biyu suka zo wurin Baba: Oga Emeka mai sayar da kayan gyaran mota, maƙwabcin shagonsa, da Malam Garba direba. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya sa hannun hagu ya ture takardar amincewa da suka kawo, ya juya fuskarsa bango.

"Ban mutu ba tukuna," abin da ya ce ke nan.

Bayan mako biyu Oga Emeka ya tsaya wurin ƙosan Umma. Ina tsaye ina zuba yaji a takarda na ji yana cewa, "Madam, Asabar za mu dawo, shi ne na ƙarshe. Akwai wani mata a Kabong, ciwon ƙoda, yana jira. Ba zan iya riƙe wurin kuma ba."

Ranar Juma'a da la'asar kwana uku ke nan da ƙarewar maganin Baba, kuma likita ya riga ya gargaɗi Umma cewa idan jinin ya sake bugawa, ba lalle ya tashi ba. Ban taɓa jin Umma ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Baban Rabi, idan ka sake korar mutanen nan, wallahi Litinin zan kira dillali ya ɗauke keken. Rabi kuma ta tafi Bauchi wurin Yaya, makaranta sai yadda Allah ya yi. Na gaji, ba ni da wata dabara."

Rabi ni ce. Ina rakuɓe a bayan ƙofa da tsintsiya a hannu. Muka ji Baba ya yi jifa da kofin silba, ya daki bango, ya yi ta juyi a kan siminti. Umma ta fito tana share ido da bakin zani, ta wuce madafa ba ta kalli kowa ba.

Kaka tana zaune, ta ji komai. Baba ɗanta ne na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai ɗakin can", kuma ko gaisuwarsa a taƙaice take amsawa. Ta shiga ta zaunar da shi ta yi masa faɗa, wannan ba abin da za ta iya ba ne.

Da magariba ta jawo kaskonta, amma ba ta tsaya a tsakiyar falo ba. Ta kai shi har gindin labulen Baba. Babu dankali a toka ranar. Ta ce baƙuwa ta yi sallama, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ta saba, muka amsa a sanyaye.

Ta ce wai a wani gari an yi wani mai haƙar rijiya. Duk rijiyar da ke garin shi ya haƙa ta, ta kasuwa, ta ƙofar masallaci, har da ta gidan wata tsohuwa da ba ta ba shi ko ƙwayar gero ba. Wata rana yana can ƙasa ginin ya rufto masa, aka zaro shi da rai amma bayansa ya karye, bai sake miƙewa ba. Da rumbunsa ya yi ƙasa, mutanen gari suka haɗa hatsi suka kai masa. Ya ce a mayar, shi ba ya cin abin da bai yi wa gumi ba. Suka sake kaiwa, ya sa aka rufe ƙofa. 'Ya'yansa suka fara ramewa, matarsa ta sayar da tabarma, ta sayar da tukunya.

Nan Kaka ta tsaya tana gyara gawayi da tsinke. A bayan labule babu ko tari. Jummai ta damƙe hannuna.

"Sai mutanen gari suka taru," in ji Kaka, "suka ce, to, tunda ba zai ci hatsinmu ba, mu ma da wace fuska za mu sha ruwansa? Suka rufe rijiyoyin nan kaf da faifai da duwatsu."

Ta ce daga ranar mata suka koma ɗibar ruwa a wani kududdufi mai nisa, ruwan ja wur. Yara suka kama ciwon ciki. Shi kuwa mai rijiya yana kwance ya lura ya daina jin ƙarar guga da asuba, ya daina jin hayaniyar mata a bakin rijiyar ƙofar gidansa. Ya tambayi ƙaramar 'yarsa me ya faru, ta gaya masa. Ya ce a ɗauke shi a kai shi ƙofa. Da aka buɗe, sai ga buhun hatsin nan yana jingine inda suka bar shi, ga mutanen gari sun yi cirko-cirko, tulunansu a bushe, suna kallonsa.

Muka jira, Kaka ba ta ci gaba ba.

"Kaka, sai me?" na tambaya.

Gawayi ya yi ƙara, wani ɗan tartsatsi ya tashi. Can sai muryar Baba ta fito daga bayan labule, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Inna... ya karɓa?"

Ban san ko fushi ne zai biyo baya ba. Umma ma ta fito daga madafa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Kaka ba ta waiwaya wajen labulen ba, wuta take kallo.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Iyakar inda aka ba ni ke nan. Baƙuwa ta ɗauki takalminta, ku tashi ku ci tuwo."

Ba wanda ya ci tuwon kirki. Da safe Umma ba ta kafa kaskon ƙosai ba, ta zauna a falo da mayafinta kamar mai jiran mota. Wajen ƙarfe goma Oga Emeka da Malam Garba suka yi sallama. Aka ɗaga labule, aka jingina Baba da matashi. Ni ina leƙe ta jikin ƙofa.

Malam Garba ya fara dogon bayani, Oga Emeka ya katse shi. "Oga tela, ka tuna lokacin da shagona ya ƙone? Wa ya ɗinka wa yarana kayan makaranta? Na kawo kuɗi ka ce in tafi. Ni na karɓa naka. Kai me ya sa ba ka karɓa namu?"

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a kan cinya. Na riga na saddaƙar zai sake juya fuska bango, har na fara tunanin wace jaka zan zuba kayana. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya miƙa babban yatsa. Malam Garba ya shafa masa tawada, ya dangwala a takardar. Bai ce ya gode ba. Hawaye ne kawai ke bin gefen fuskarsa da ya shanye, ba ya ma iya sharewa. Kafin azahar Umma ta dawo da magani.

Ban tafi Bauchi ba. Baba bai sake ɗinki ba, amma ya ƙara shekara shida a duniya, har ya kai yana dogara sanda zuwa ƙofar gida ya sha hantsi. Asusun nan bai yanke masa ba sai da yayan Umma ya samar mata rumfa a kasuwa, Baba da kansa ya aika a ce a ba wani.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin wa'azi kan girman kai, har a raina ina ganin laifin Baba. Sai da na yi aure, na zama malamar makaranta, ciwon baya ya kwantar da ni kusan shekara, albashi ya tsaya. Wata rana abokan aikina uku suka zo duba ni, da za su tafi babbarmu ta zaro ambulan ɗin kuɗi daga jaka. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "A'a, ku bar shi, ai na kusa komawa aiki." A nan na gane abin da ke cin Baba. Tsoro ne. Muddin yana cewa a'a, yana iya gaya wa kansa gobe zai tashi ya hau keke. Ranar da ya miƙa yatsa, ranar ya yarda a gaban matarsa da 'ya'yansa cewa wataƙila ba zai tashi ba, kuma ya yi hakan ne don in ci gaba da zuwa makaranta.

Malamar tana tsaye, ba ta mayar da ambulan ɗin jaka ba, ba ta kuma ajiye mini a kan gado ba. Jira take. 'Yata tana zaune a ƙasa tana aikin gida, ta ɗago kai tana kallona. Na miƙa hannu biyu.