Ƙarfen da Na Ƙi Yarwa a Shinge

Shekarun baya can, lokacin da a Potiskum ko tayar mota ce ta fashe sai kowa ya kwanta a ƙasa, ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a Dogo Nini da mahaifiyata. Cikin abin da mahaifinmu ya bari akwai wata tsohuwar mota da ta girme ni. Irin motocin nan ne na da, ƙarfe zalla, in ka rufe ƙofa sai maƙwabta sun ji. Abokina yakan ce ranar da na tuƙa ta ba a tura ni ba ya kamata in yi sadaka. Ni kuwa ko a jikina.

Amfaninta guda ne, amma babba. Yayar mahaifiyata tana Gadaka, ta jima a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kowace Asabar sai na kai mahaifiyata ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta dama mata kunu, mu juyo kafin lokacin dokar hana fita. An hana hawa babur, an ɗauke sabis ɗin waya, ba halin ko a kira a ji yadda ta kwana. Motar haya kuma ba ta yi wa mahaifiyata, domin a kowane shingen sojoji sai fasinjoji sun sauka sun taka da ƙafa, hannu a sama. Gwiwoyinta sun gaji, ba direban da zai tsaya jiranta. A tamu motar akan duba tsufan mahaifiyata a bar ta a zaune. Saboda haka in babu motar nan, babu zuwa Gadaka.

Ciwon motar shi ne gejinta. Da ka murɗa makulli sai allurar mai da allurar zafi su haye can ƙarshe su maƙale. Wai kullum tanki a cike yake fal, inji kuma saura ƙiris ya kama da wuta. Tun mahaifina na da rai haka take. Yana da wata sanda da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, a zura ta a tanki a ga inda mai ya jiƙa. Duk masu tsofaffin motoci a garinmu haka suke yi, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

To amma a lokacin rikici sanda ba ta isa. Sai ka auna mai a gida ka ga zai kai ka, ka zo ka tarar da layin shinge, ka yi awa guda inji na aiki. Ba ka isa ka fito ka buɗe tanki kana zura wani abu a gaban sojoji ba. An kuma hana ɗaukar mai a jarka.

Wata Asabar muna dawowa, bayan mun sha layi, na iso daidai gaban buhunan yashi, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Allura kuwa tana nan a kan cike fal, ko kunya babu. Wanda bai zauna a wajenmu a lokacin ba, ba zai gane ba. Babu abin da sojan shinge yake tsoro kamar mota ta zo gabansa ta tsaya cak ta ƙi motsi. Nan take aka ɗana bindigogi, na bayanmu suka watsar da motocinsu suka ruga. Aka fito da ni aka kwantar, aka fito da mahaifiyata aka zaunar da ita a kan kwalta mai zafi. Da suka tabbatar mai ne kawai ya ƙare, sai aka sa ni tsallen kwaɗo, ni malamin makaranta, a gaban uwata. Tsallen bai dame ni ba kamar ganinta a zaune a ƙasa tana gyara mayafi.

Yayana da ya ji labari, washegari ya sa aka jawo motar zuwa gidansa a Yindiski, ya karɓe makulli.

"Ran Juma'a 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta," in ji shi. "Ka kusa kashe mana uwa saboda tarkacen ƙarfe."

"Yaya, geji ne kawai. A gyara shi mana."

"Wa zai gyara? Ina shagunan kayan gyaran? Kowa haƙuri yake yi a garin nan, kai ma ka yi."

Kalmar nan ta haƙuri ta ishe ni a shekarun nan. An rufe kasuwa, a yi haƙuri. An kulle makaranta, a yi haƙuri. Yanzu kuma tsohuwa ta daina ganin 'yar'uwarta, a yi haƙuri. Mahaifiyata ba ta saba ja da maganar babban ɗanta ba, amma na gan ta tana ƙulla garin kunun Asabar a leda kamar yadda ta saba. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma duk wanda ya san ni ya san in na kafe, na kafe ke nan.

Akwai wani dattijo mai gyaran wayoyin mota, mutumin kudu ne, Kirista, tun ina yaro yake garin. Shi yake yi wa mahaifina aiki. Da abin ya yi zafi ya tura iyalinsa gida, shi ya ƙi tafiya, ya kulle shago ya koma yin ɗan abin da ya samu a tsakar gidansa. Na same shi a gindin darbejiya, na kwashe labari na gaya masa.

"Malam, allura biyun duk sama suke tafiya tare?" ya tambaye ni da Hausarsa da har yau ba ta bambanta mace da namiji.

Na ce tare suke tafiya.

"To geji bai da laifi. Mota ma bai da laifi. In mai ne kaɗai, sai mu duba tanki. Amma biyu tare, wutan da ke shiga musu ne ya yi yawa."

Ya yi min bayani dalla-dalla. A bayan allon da allurorin suke akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, bai kai gidan ashana girma ba. Aikinsa ya rage wutar batir kafin ta isa ga gejin. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da aka naɗe da waya, in ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya mayar, haka yake ta yi ba tsayawa. Idan bakinsa ya ƙone ya manne, sai wutar batir ta wuce gaba ɗaya, allurorin su haye sama. Ya ba ni sukundireba ya ce in je in kwanto masa shi, tunda sabo dai babu shi a garin.

Ƙofar motar dama ba ta kulluwa, wannan ma wani alherin tsufa ne. Na bari yayana ya fita, na shiga na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, na kwance abin tare da guntayen wayoyinsa. Sai na yi wautar da har yau in na tuna nakan girgiza kai: na naɗe shi a hankici na jefa a aljihu, na bi ta shingen da ke tsakanin Yindiski da unguwar dattijon, hannu a sama, da ɗan akwatin ƙarfe mai wayoyi a jikina. Allah ne Ya sa ranar ba a laluba ni ba. Da na fito da shi a gaban dattijon, sai da ya dafe kai.

"A aljihu? Malam, kai ne kake koya wa yara karatu?"

Ya ɗaga murfin gwangwaninsa da filaya a hankali, ya nuna min inda bakunan ƙarfe biyu suka ƙone suka yi baƙi suka manne. Ya raba su, ya goge da sanfefa mai laushi, ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti. Daga nan ya haɗa shi da batir da ƙwan fitila. Ƙwan ya kama, ya mutu, ya kama, ya mutu.

"Ka gani? Ya dawo numfashi. In ka ɗaura, ka sa shi a tsaye yadda ka same shi, ka ɗaure sosai ya taɓa jikin mota. In ba haka ba zai sake maka ƙarya."

Na miƙe zan tafi, sai na ga yana saka takalmi. Ya ce ni kaɗai ba zan kai gida da abin nan ba. Makonni ya yi bai wuce bakin layinsu ba, amma ya kulle gida ya biyo ni. Ya ce in riƙe shi a tafin hannu, a buɗe, kowa ya gani tun daga nesa.

Aka kuwa gani tun daga nesa. Sojan da ke bakin shinge ya daka mana tsawa, muka durƙusa. Ya ce in jefa abin cikin kwata in ja da baya. Na dubi kwatar. Na san in ya faɗa cikin ruwan nan shi ke nan, babu wani a duk faɗin garin.

"Oga, ba zan yar ba," na ce. "Na mota ne. Ka buɗe ka gani."

Bulalar da ta sauka a bayana sai da na ji ta har tafin ƙafa. Na sake ɗaga hannuna sama na maimaita masa. Dattijon yana durƙushe kusa da ni, ya shiga yi masa magana da buroka a hankali, ya faɗa masa sana'arsa da shekarun da ya yi yana yin ta, ya roƙi izini ya buɗe gwangwanin. Sojan ya leƙo daga nesa, ya ga ba komai sai siririn ƙarfe da waya. Amma zuciyarsa ba ta huce ba. Ya ce tunda na rantse ba bam ba ne, in sa shi a bakina.

Na kama shi da haƙora. Haka na durƙusa a rana, hannu a sama, da ƙarfe a baki, mutane na wucewa suna satar kallona, har da iyayen ɗalibaina. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san muƙamuƙina ya sage kafin a ce mu tashi. Da muka yi nisa, dattijon ya karɓa ya goge da gefen rigarsa, yana mita wai na jiƙa masa aiki da yawu.

Yayana ya dawo ya tarar da ƙafafuna a waje, kaina a ƙarƙashin sitiyari. Na roƙe shi makulli na ɗan lokaci kawai. Ya ga shatar bulala a rigata, ya miƙo. Dama an ɗan zuba mata mai da za a jawo ta. Na murɗa. Allurar zafi ta tsaya ƙasa inda ta dace da inji mai sanyi. Allurar mai ta ɗaga a hankali, ta tsaya ƙasa da kwata. Muka auna tanki da sanda, daidai.

"Idan suka harbe ka wata rana fa?" ya ce.

"Ko ina zaune a gida ma ba ni da tabbas, Yaya. Amma ran Asabar zan kai ta."

Ya ce in je, ba da yawunsa ba. Ranar Asabar da safe kuma sai ga shi da ledar lemo, ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

Muka ci gaba da zuwa har damina ta wuce, motar ba ta ƙara mutuwa a shinge ba, domin ina ganin allura ta sauka nake neman gidan mai tun da sauran tafiya. Wata Asabar muka isa Gadaka da hantsi muka tarar da mutane a ƙofar gida. Yayar mahaifiyata ta rasu bayan asuba, kuma ba waya balle a sanar da mu. Mata suna cikin ɗora ruwa mahaifiyata ta shiga. Ta ajiye ledar garin kununta, ta naɗe hannun riga, ta ce ba wanda zai yi wa yayarta wanka sai ita.

Yau in na ba da labarin nan, wasu sukan ce hauka na yi, mutum ya sa ransa a bakin bindiga saboda ɗan guntun ƙarfe. Ban musa ba, sa shi a aljihu dai wauta ce tsantsa. Amma ban taɓa nadamar ƙin yar da shi ba. A shekarun nan an ƙwace mana abubuwa da yawa, kowanne aka ce mu yi haƙuri muka yi, don ba yadda muka iya. Wannan guda ɗaya kuwa akwai yadda na iya, kuma akwai dattijon da ya fi ni abin tsoro a garin amma ya sa takalmi ya raka ni. Da na saki ƙarfen nan ya faɗa kwata, da mahaifiyata sai bayan kwanaki za ta ji rasuwar yayarta a bakin 'yan kasuwa. Sai ga shi da hannunta ta sa mata likkafani.