Gangarar Rana ta Huɗu

Shekara talatin da huɗu Mai Faci ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin shagon mai walda da bangon wata makaranta, yana gyaran kekunan mutane. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni, har matarsa in ranta ya ɓaci Mai Faci take ce masa. Ba shi da yawan magana, sai fa ka kawo masa keke sarƙa a bushe, nan za ka sha faɗa kamar ɗansa ka bari da yunwa. Abin haushin, mutumin da kekuna dubbai suka bi ta hannunsa bai taɓa tuƙa nasa ya wuce gadar bakin gari ba.

Wansa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Shi yana ce masa Yaya, Yaya yana ce masa Auta, har furfura ta rufe su duka biyun. Yaya leburan titi ne. Yana da shekara ashirin ya yi shekara uku cikin tsaunuka da diga da baro, suna fasa hanya. A hanyar akwai wata gangara mai kilomita goma sha ɗaya da lanƙwasa bakwai. Yaya ya hau ta ya sauka da ƙafa ba adadi, baro cike da dutse yana fizgar kafaɗunsa. Ranar da aka gama shimfiɗa kwalta, wani mai kai wasiƙu ya gangaro a keke, ƙafafunsa a sake, rigarsa cike da iska, yana ihu shi kaɗai. Yaya ya bi shi da kallo har ya ɓace, kuma tun daga ranar abin ya zauna masa a rai.

"Ni da kai, Auta," yakan ce. "Wata rana sai mun gangaro ta."

Watarana ɗin ta yi ta ja da baya. Yau haihuwa, gobe rashin lafiya, jibi rufin ɗaki ya yaye. Ana haka ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye, Mai Faci ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin da ke bayan nasa. Bara likita ya duba shi, ya ce zuciyar ma ta gaji, a mayar da shi gida a kyautata masa. Kowa ya gane maganar.

Da suka dawo, Yaya ya jawo shi da hannun hagu. Bakinsa ya karkace, sai an sunkuya ake jin sa.

"Ka je kai kaɗai. Ka dawo ka gaya mini yadda iskar take."

Aka shiga shiri. Mai Faci ya yanko faffaɗan kwali ya kafa a bangon ɗakin Yaya, Yaya yana faɗa yana zanawa. Tafiyar kwana shida ce, a zagaya ta cikin tsaunuka a dawo ta wata hanyar. Ranar farko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, kada ya yi rawar kai ya ƙarar da ƙafarsa. Rana ta biyu da ta uku hawa ne zalla. Yaya ya san inda ruwa ke ɓuɓɓugowa a ƙarƙashin wani kwalbati, ya san inda inuwa take da tsakar rana. Sai dai saninsa ya shekara arba'in, don haka Mai Faci ya riƙa zuwa tasha yana tambayar direbobin manyan motoci. Ɗaya ya yi masa alkawarin shimfiɗa a gidan uwarsa, wani ya ce akwai barandar makaranta da maigadi ba ya korar matafiyi. Wani tsohon direba ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, mu sai mun sa mota a giya ta ɗaya muke saukowa gangarar nan, kuma birki yana hayaƙi."

Mai Faci ya kai kayansa kan sikelin mai hatsi. Famfo, gam, faci, sifana biyu, bargo, jarkar ruwa, burodi. Ya cire bargon, ya mayar, ya cire sifana ɗaya. Yaya kuma ya kafa doka: a saman tudun rana ta huɗu zai sa sabbin robobin birki, in ya sauka ya ciro su ya kawo masa ya ga yadda gangarar ta ci su. Wata biyu ɗakin nan ba shi da hira sai ta kwalin, har Yaya ya koma cin abinci.

Duk unguwa ƙafar Mai Faci take ji wa tsoro. Shekara hamsin da takwas, ina shi ina hawan dutse? Mai walda ya ce a rana ta biyu za a dawo da shi a bayan mota tare da awaki. Ba wanda ya kalli hannunsa.

Shekara biyu ke nan babban yatsansa da biyun da ke kusa da shi suna mutuwa, hagu da dama. Sifana tana suɓuce masa. Filaya sai da hannu biyu yake matsawa. In noti ya yi tauri, sai ya waiga ya ga ba kowa, ya taka sifanar da ƙafa. Bai gaya wa kowa ba, don hannun nan shi ke ciyar da ɗakuna biyu, kuma ba mai kai keke wurin mai gyaran da ba ya iya ɗaure noti.

Saura kwana goma tafiya, ya ɗora kayan duka, ya je gwaji a 'yar gangarar da ke zuwa gada, wadda yara ke saukowa suna waƙa. Ya matsa birki. Yatsun suka lanƙwasa rabi suka tsaya. Keken ya ci gaba da gudu, shi yana kallon hannunsa kamar na wani ne, har ya faɗa cikin tarin yashin masu bulo. Ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya ce wa mutane waya ce ta tsinke. Shi da bai taɓa bari wayar birkin wani ta tsinke ba.

Ya yi duk dabarar da ya sani. Ya ƙara wa hannun birkin tsawo da guntun bututu, ya sa sabuwar waya, ya zuba mai, ya zagaye masu tsoffin ƙarafa yana neman birkin ƙafa bai samu ba. Ya sake gwadawa, hannun ya riƙe na ɗan lokaci ya saki. Ranar nan ya ji tsoro, tsoro na gaske. Da ya koma gida ya ƙara abu ɗaya cikin kayan, igiya mai ƙwari.

Matarsa ce ta ga igiyar. Ta daɗe da lura cewa ba ya iya murɗa murfin kwalba.

"Maigida, wannan fa?"

"Ta ɗaure kaya ce."

"Kayan a ɗaure suke. Ka gaya masa gaskiya mana, ai yayanka ne."

"In na gaya masa, me zai kalla a bangon?"

Ta naɗe igiyar ta sa masa a jaka.

Ya tafi, kuma ƙafar da ake yi wa dariya ba ta ba shi kunya ba. Ya samu ruwan kwalbatin, ya kwana a barandar. Da hantsin rana ta huɗu ya isa saman tudun, ya sa sabbin robobin kamar yadda aka umarce shi. Hanya ta kwanta a gabansa baƙa ƙirin, tana lanƙwasa har ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaura igiyar a kariyar keken, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya dafa kan keken da tafin hannu, ya fara takawa. Awa huɗu keken yana fizgarsa, yana turjewa, yadda baro ya fizgi wansa. Babu wata iska, sai zafin kwalta da ƙaho na motoci. A ƙasa ya ciro robobin, ya zauna a bakin wani kwalbati ya goge su a jikin dutse har suka cinye rabi. Ya yi kuka a wurin, ba wanda ya gani.

Da ya dawo gida ya iske Yaya da rai, ya rame sosai. Bai ko cire takalmi ba ya zauna a bakin gadon ya fara. Ya ce tun lanƙwasa ta farko iska ta cika masa riga, ta biyu hawaye suka riƙa gudu zuwa kunnensa, ta uku ya saki feda ya yi ihu. Idon Yaya ya kawo ruwa.

"Robobin fa?"

Ya miƙa masa. Yaya ya juya ɗaya a hannun hagu, ya bi ta da babban yatsa a hankali, ya sake bi. Mutumin da ya shekara arba'in yana fasa dutse ba a ɓoye masa tsakuwa.

"Wannan cin dutse ne, Auta. Ba ƙarfe ya ci ta ba."

Yaya ya ajiye robar, ya miƙo hannun hagu.

"Kawo hannunka. Matse nawa."

Ya kama, ya matsa iya ƙarfinsa. Yatsun suka kwanta a kan na wansa kawai. Yaya ya kalli hannayen biyu, ya kalli kwalin da ke bango, ya rufe ido.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Da ƙafa ka sauko ke nan. Kamar ni."

"Kamar kai, Yaya."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, ta kasa shigowa. Can Yaya ya ce, idonsa a rufe, "To, ci gaba. A lanƙwasa ta uku ka tsaya."

Mai Faci ya ci gaba. Ya ba shi iskar lanƙwasa ta huɗu da ta biyar har zuwa ta bakwai, dukansu sun san ba ta faru ba. Bayan kwana tara Yaya ya rasu. Kafin shekara ta zagayo rumfar ta koma hannun mai sayar da cajar waya, don labarin hannun ya bazu. Yanzu Mai Faci yana gadin ƙofar makarantar da rana, yana buɗe wa yara suna shigowa da kekunansu. In ya ji sarƙa a bushe yakan ɗaga kai, amma ba ya yi wa kowa faɗa.