Ranar da Aka Karɓe Jarkokinmu a Ƙofar Gona

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe ne, ranar Talata, a tsakiyar bazara. Mu uku ne a ofis muna taro: ni, da mudir, wato Balaraben da ke shugabantar gonar, da wani jami'i da kamfani ya turo daga Tarabulus. Abin da ya biyo baya ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ni ne shef, wato shugaban leburori, a wata babbar gonar dabino kusa da garin Samnu. Kamfanin ya fito da dokar kare muhalli: kada a sake ganin roba a gona. Ni kaina na yi murna, domin na gaji da ganin leda maƙale a dabino, awaki na ci suna mutuwa. Dokar ta ce za a kafa tankuna a kowace kusurwa, a raba mana gorunan ƙarfe. Sashen tsaro ya samu umarni, ya fara aiki da safiyar nan. Sashen sayayya kuwa yana can yana jiran sa hannu kafin ya sayo tankunan da gorunan. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa.

Mu 'yan Nijar kowa da jarkarsa ta roba, naɗe da jiƙaƙƙen buhu. A jikin dabino muke ratayewa, ruwan ya yini da sanyi. Masu gadi suka karɓe su duka a ƙofa. Ban sani ba, don na riga kowa shigowa saboda taron.

Muna cikin magana direban tarakta ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Shef, Baba ya faɗi a gonar ƙarshe! Tun safe ba wanda ya sha ruwa!"

Baba shi ne dattijonmu, mutumin Tawa, ɗakinmu ɗaya a unguwar Tayuri. Muka shiga motar jami'in muka tafi. Mun same shi kwance a yashi, leɓɓansa sun bushe, abokan aiki na yi masa fifita da riguna. Na farko, na sa aka kai shi inuwa. Na biyu, na kwance masa rawani. Na uku ruwa ne, kuma babu. Sai jami'in ya ruga mota ya kwaso gorunan ruwansa na roba. Muka jiƙa masa kai da ƙirji, muna ɗiga masa a baki.

Can ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannuna, sannan ya ce, "Shef, wannan gorar ba ita aka hana ba?"

Dariya ta ɓarke. Da na fassara wa jami'in, bai yi dariya ba. Waya ya ɗauko ya kira masu gadi, kafin azahar an mayar wa kowa jarkarsa.

Ba a soke dokar ba, jerinta aka gyara. Tankuna suka iso, aka raba gorunan ƙarfe, sannan aka hana roba. Gonar ta yi tsaf, Baba kuma ya koma gida da ƙafarsa.

Abin da na koya shi ne, doka mai kyau tana iya kashe mutum idan aka fara ta daga ƙarshe. Mai karatu, idan kana cikin masu tsara doka a wurin aiki, ina roƙonka: kafin ka karɓe abin da ke hannun lebura, ka je da kanka ka ga madadinsa ya iso.