Tulun Gwaggo Tabawa a Zauren Ɗan Majalisa

"Ajiye shi nan," in ji Gwaggo Tabawa. Na sauke tulun a tsakiyar zaure, warin burukutu ya tashi, hira ta tsaya cak.

Muhawarar dokar giya da na ji a rediyo jiya ce ta tuno mini wannan rana, gab da tafiyar Turawa, ina sabon malamin makaranta a Batsari. Gwaggona Bamagujiya ce ta wajen Ruma, kuma da dafa giya ta rene ni. Da aka ce majalisar Kaduna za ta hana sana'ar, ta sa na raka ta wurin ɗan majalisarmu, wani alhaji. A al'adar su Gwaggo, da mafi kyawun aikin hannunka ake gaida babba. Na gargaɗe ta a hanya, ba ta ji ba.

Nan a zauren, wani baran ɗan majalisar ya ɗaga sanda zai fasa tulun.

"Baiwar Allah," in ji alhajin, "abin da za mu hana, shi kika kawo mini gaisuwa?"

"Ranka ya daɗe, ban ce ka sha ba. Ka dai gan shi. Ga kuma malamin da ya fito daga cikinsa."

Ya dube ni, sannan ya ce a sauke sanda. "Zan ɗaga hannu a majalisa a hana sayarwa a kasuwa. Amma zan roƙa a bar muku unguwanninku. Ɗauki kayanki."

Har ta rasu, a gida take dafawa, kasuwa ce ba ta sake kaiwa ba.

Ban taɓa kurɓa ba, ban kuma iya yanke mata hukunci ba. Da ku ne a kan buzun alhajin, me za ku ce mata?