Tabar Da Na Ɓoye Wa Alhaji Garba

Ina cikin layin direbobi a filin jirgi na JFK da hantsin Talata wayata ta yi ƙara. Hajiya Binta ce, matar Alhaji Garba. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Nura, Alhaji ya cika." Na yi ta salati, sannan na lura akwai karan sigari a hannuna, kuma har na sauke shi ƙasan gwiwa kamar yadda na saba idan yana kusa. Tun daga ranar na kasa zama wuri guda.

Alhaji Garba shi ne ya karɓe ni da na iso birnin nan, ba dangin iya ba na baba. Shi ya nuna mini hanyoyi, shi ya samo mini gida a titin Grand Concourse. Direbobi suna kiransa Alhaji Japan, saboda ya yi shekaru a can yana loda tsofaffin injinan mota a kwantena kafin ya dawo New York ya kama tuƙi. Siriri ne, mai tsafta har ta yi yawa. Bai taɓa shan taba ba, shayinsa ma ba ya sa masa suga. Idan ya ga fasinja ya ɓata mana rai, yakan ce, "Ku bar shi, daga jirgi ya sauko, bai gama saukowa ba."

Lokacin sanyi jiran fasinja yana da tsawo, don haka mukan taru mu huɗu ko biyar a motarsa, ya kunna hita, a rufe gilasai. Mu uku mashaya ne. A tarbiyyarmu ba a shan taba a idon babba, saboda haka mukan zauna a baya, mu dunƙule karan a tafin hannu, mu sunkuya mu zuƙa, mu busa ƙasa. Wai mu nan ladabi muke yi. Shi kuma yana gaba da carbinsa, bai taɓa waiwayowa ba, sai dai ya ɗan yi tari ya ce sanyin garin nan ba ya masa daɗi. Haka muka yi shekara da shekaru. Yau idan na tuna, haushin kaina nake ji.

Akwai labarin da yake yawan ba mu a motar nan, har mun gaji da shi. Maigidansa na Japan, in ji shi, mutumin kirki ne, amma yana kunna kara da wutar wani karan, a ɗan ƙaramin ofis da ba a buɗe tagarsa. Matarsa ce ke zaune a gefensa tana amsa waya. Ba ta sha, ba ta da ƙiba, abincinta kifi da ganye. Ciwon suga ya kama mijin, daga baya ya kama ta. Likitarsu ta ce musu taba tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon, kuma wanda ke shaƙar hayaƙin wani ma bai tsira ba. Alhaji ya taɓa tambayar matar ko hayaƙin ba ya damunta, ta yi murmushi ta ce ta saba. Nan yake tsayawa. Mu kuwa sai mu kwashe da dariya, mu ce, "Alhaji, an sake tafiya Japan ke nan." Ko sau ɗaya ban gane da mu yake ba.

Da nasa ciwon sugan ya bayyana, cewa muka yi gado ne. Ya kai shi ga wankin ƙoda, ya daina tuƙi. Ban ce hayaƙinmu ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne, likitocinsa ma ba su ce haka ba. Amma ban isa in rantse cewa babu hannunmu a ciki ba, kuma wannan ne yake hana ni sukuni.

Ziyarata ta ƙarshe a asibiti, ya tambaye ni iyalina, Rabi. Na ce lafiya lau, sai dai an gwada ta an ce sugarta ta fara hawa. Sai ya ce, "A gida ma kana sha?"

Na sunkuyar da kai. Shekara tara muna tare, ranar ce ya fara ambata min taba kai tsaye.

"A kicin ne kawai, Baba. Ba ta gani."

"Ni ma ai ba na gani," ya ce. "Nura, tun ranar farko na sani. Kunyarku na ji, na yi ta zagaye-zagaye da labarin mutanen Japan. Kuskure na yi. Kada ka bari yarinyar nan ta yi maka irin kawaicin da na yi maka."

Na ce to, amma ban daina ba. Sai bayan mun dawo daga jana'izarsa na tsaya a ƙofar kicin na tambayi Rabi ko hayaƙin yana damunta. Ko juyowa ba ta yi ba, tana yanka albasa ta ce, "Ai na saba." A take na jiƙa sauran kwalin a famfo na jefa a shara.

Yau kwana goma sha ɗaya rabona da taba. Ina faɗa da kowa a kan titi, na ci goron da ban taɓa ci ba. Ban sani ba ko zan iya, amma gobe ni zan kai Rabi asibiti da kaina.

Allah Ya jiƙan Alhaji Garba, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Hajiya Binta da 'ya'yansu haƙuri, Ya tsaya musu a ƙasar nan da ba tasu ba. Mu kuma da muka zauna a bayan motarsa, Allah Ya yafe mana, Ya ba ni ikon cika maganar da ya yi mini kai tsaye sau ɗaya tak a rayuwarsa. Amin.